Yadda Ake Zaɓar Jakar Goyo Don Doguwar Tafiya a Kan Babur

Ranar da na fara zuwa Damagaram a kan babur daga Kano, ta Kazaure da Daura, jakar 'yan makaranta na goya. Na cusa mata kaya kala biyu, da kwamfuta, da fulas, da sifanu da filaya, na ɗora gorar ruwa babba a sama. Da na ɗaga ta a zaure ban ji wani nauyi ba. Kafin in isa Daura yatsun hannuna na hagu sun sage, ina matsa kuloci ba na jin abin da nake matsawa. Wuyana ya ƙage, duk ramin da na faɗa sai sifana ta doke ni a gadon baya. Na sauka a gindin wata bishiya na sauke jakar, na tarar igiyoyinta sun yi mini shaida ja a kafaɗa kamar an zane ni da bulala, ga kuma sauran hanya a gabana, domin tafiyar ta kusa kilomita 240.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne, jakar da za ta yi maka daɗi a kan babur ba a tsaye ake gane ta ba. Mai tafiya a ƙasa hannayensa a sake suke, bayansa a miƙe. Mai babur kuwa hannayensa biyu a gaba suke awa da awanni, allon kafaɗunsa a buɗe, iska na tura shi, gargada na jijjiga shi, hular kwano na bisa kansa. Saboda haka duk matakan da zan kawo a nan wuri ɗaya suka nufa: ka gwada jaka a zaune a kan babur ɗinka, da kaya a cikinta, kafin ka miƙa kuɗi.

Kafin ka je kasuwa, raba kayanka biyu

Ka shimfiɗa tabarma ka zube duk abin da za ka tafi da shi. Kashi na farko na babur ne, na biyu na bayanka. Duk abin da yake da nauyi, ko tauri, ko tsini, na babur ne: sifana, filaya, famfon iska, kayan faci, kwaɗo da sarƙa, fulas na ƙarfe, takalmi, tsarabar da aka ba ka ka kai gida. Waɗannan a naɗe su a buhu ko tamfol a ɗaure a kariya da roba. Babura irin Bajaj Boxer da muke hawa suna zuwa da kariya mai ƙwari, an yi ta ne domin wannan aikin, kuma ita ba ta gajiya.

Dalilin wannan rabo ya wuce gajiya. In ƙaddara ta sa mutum ya faɗi ta baya, duk abin da ke cikin jakar shi zai shiga tsakanin kwalta da ƙashin bayansa. Tufafi a naɗe suna rage bugu. Sifana ko kwaɗo kuwa suna tara ƙarfin bugun ne wuri guda, a daidai inda laka take. Ina roƙonka, ko da za ka manta da komai a rubutun nan, kada ka manta da wannan. Fetur kuma ba ya shiga jakar goyo ko da a gorar roba ne, ko da tafiyar ta kusa ce.

Abin da ya rage wa baya shi ne abin da ba ka so ya rabu da jikinka, da abin da jijjigar babur za ta lalata: takardun babur da katin shaida, kuɗi, waya da caja, kwamfuta in ta zama dole, magani, rigar ruwa, sallaya mai laushi, da ruwan sha kaɗan. Ka ɗora wannan kashin a sikeli, ko na mai sayar da hatsi ne. A ganina, in tafiyar za ta wuce awa 2, kada ya haura kilo 5, in ya tsaya a kilo 3 zuwa 4 ya fi. Ka tuna lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif, kwamfuta da cajarta sukan kai kilo 2 ko fiye. Lissafin ba ya daɗewa yake cika.

Girman jaka

Da lita ake auna cikin jaka, yawanci an rubuta adadin a jikinta ko a 'yar takardar da ke ciki. Lita 20 zuwa 25 ta wadatar da mai tafiyar yini ɗaya ko kwana biyu, in dai ya raba kayansa yadda na faɗa. Lita 30 ita ce iyaka. Manyan jakunkunan nan na masu hawan dutse, masu lita 50 ko 60, kada kyansu ya ruɗe ka. Babbar jaka kiran kaya take yi, duk sararin da ka gani sai ka ga abin da za ka cusa.

Siffa ma abin dubawa ce. Ka nemi wadda faɗinta bai wuce faɗin bayanka ba, kuma ba ta yi tudu can baya kamar tulu ba. Tirjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau 2, ƙarfin da iska ke tura ka da shi ya ninku sau 4. Jakar da ta leƙo ta gefen kafaɗa, iska za ta riƙa kama ta tana murɗa ka, kuma za ka fi jin haka lokacin da tirela ta wuce ka a guje ta watso maka iskarta.

Tsawon bayanka, da hular kwano, da sit

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin tsawon mutum daban, tsawon bayansa daban. Ka sunkuyar da kai, ka shafa gindin wuyanka ta baya, za ka ji wani ƙashi ya ɗan taso. Daga nan ake fara awo. Sai ka dafa ƙugunka da hannu biyu, manyan yatsu suna kallon juna ta baya, layin da ke tsakaninsu shi ne ƙarshen awon. Ka sa wani ya auna maka da tef ɗin tela, ka riƙe adadin a kai. Jakar da ta fi wannan tsawon da yawa ba taka ba ce.

In ta yi tsawo ta sama, duk sanda ka ɗaga kai domin hango hanya, ƙeyar hular kwano za ta doki saman jakar, ta turo hular gaba ta rufe maka ido. Sai ka ga mutum yana tuƙi a duƙe, wuya a lanƙwashe, ya isa gida yana cewa hula ce ta dame shi, har ya fara tunanin ajiye ta, alhali laifin jaka ne. In kuma ta yi tsawo ta ƙasa, gindinta zai zauna a kan sit, duk ramin da aka faɗa sit ya cilla ta sama, ta ɗaga maɗauran daga kafaɗa, ta sake faɗowa da nauyinta.

Akwai dabarar da masu doguwar tafiya ke yi wadda na ga amfaninta: a ɗaure ƙunshin tufafi ko bargo a kujerar baya, yadda gindin jakar zai ɗan jingina a kai ya rage wa kafaɗa nauyi. Wannan ya yi, muddin jingina ce kawai. Kada a taɓa ɗaure jakar da babur alhali tana goye a bayanka. In abu ya faru, so ake ka rabu da babur, ba ya ja ka ba.

Maɗaurai

In an ce in zaɓi abu ɗaya da zan kashe wa kuɗi a jikin jaka, maɗaurai zan zaɓa. Jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa hannu daga wuya suke fitowa, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ke gicciye a saman ƙirji, su shiga hammata. Siririyar igiya mai nauyi a daidai wurin take dannawa. Abin da ya sagar mini da yatsu ke nan a hanyar Daura. Ga mai tafiya a ƙasa, sagewar yatsu ɗan damuwa ce kawai. Ga mai babur, hannun hagu ne ke riƙe da kuloci, na dama ke riƙe da totur da birkin gaba, ka ga ba abin wasa ba ne.

Maɗaurin kafaɗa ya kai faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Ka matsa soson da ke cikinsa da yatsa: in ya lotse ya daɗe bai dawo ba, ko ka ji yatsunka sun haɗu kamar babu komai a tsakani, soso ne na banza, wata ɗaya zai mutu. Mai ɗan tauri da ke dawowa nan take shi ake so. Ka duba yankansa kuma. Wanda aka yanka a lanƙwashe, ya kauce wa wuya sannan ya kauce wa hammata, ya fi miƙaƙƙe nesa ba kusa ba, domin da zarar ka miƙa hannu ka kama kan babur, miƙaƙƙen zai shiga hammata ya fara gurza.

Sai maɗaurin ƙirji, 'yar igiyar nan mai maɓalli da ke haɗa maɗauran kafaɗa biyu ta gaba. Mutane kan raina ta, wasu har yanke ta suke yi, alhali a kan babur ita ce gishirin jakar. Tana janyo maɗauran zuwa tsakiya, ta ɗauke su daga gaɓar kafaɗa, hannu ya sami sakewa, kuma tana hana iska zame su. A nemi wadda ake iya matsar da ita sama ko ƙasa. Wurin zamanta kamar yatsu biyu zuwa uku ne ƙasa da ƙashin saman ƙirji, kuma ba a tamke ta har ta hana numfashi. Kamfanin Kriega na Ingila, wanda ya yi suna a jakunkunan masu babur, kan wannan tunanin ya gina nasa: maɗauran jakunkunansu a tsakiyar ƙirji suke haɗuwa su kulle, nauyin ya bazu a ƙirji da jiki maimakon ya rataya a kafaɗa. Suna da tsada ƙwarai kuma ba kasafai ake ganinsu a kasuwanninmu ba. Na ambace su ne domin ka gane siffar da kake nema ko a cikin gwanjo.

Maɗaurin ƙugu kuma, ga masu hawan dutse shi ke ɗaukar yawancin nauyi, shi ya sa nasu yake da kauri da faɗi. A zaune lamarin ya sauya. Mai kaurin nan zai tokare maka ciki da cinya, musamman bayan ka tsaya ka ci abinci. Matsakaici ya ishe ka, wanda zai riƙe gindin jakar kada ta riƙa lilo hagu da dama in ka sha kwana.

Kada ka manta da igiyoyin gefe, waɗanda ake ja a matse jakar in ba ta cika ba. Kayan da ke yawo a cikin jaka sun fi kayan da aka matse gajiyarwa, ko da nauyinsu ɗaya. Sannan duk wata jelar igiya da ta rage tana reto, a naɗe ta a ɗaure da roba. Ƙarama za ta yi ta marin ka a wuya ko a haƙarƙari tun daga Kano har inda za ka. Doguwa kuwa tana iya kaiwa ga taya ko sarƙa, musamman ranar da ka sauke jakar ka ɗaure ta a kariya.

Damina, hunturu da bazara

Yawancin jakunkunan da ake cewa ba sa shan ruwa, yayyafi kawai suke iya tarewa. Ruwan watan Agusta, ga gudun babur yana tura shi, ta zif da ramukan allura yake shiga. Wadda ba ta shan ruwa da gaske ita ce mai baki irin na buhu, wanda ake naɗewa sau 3 a ƙulle da maɓalli, kuma haɗin jikinta liƙe yake da zafi, ba ɗinki ba. In ba ka sami irinta ba, kada ka damu. Ka sa babbar leda mai kauri a cikin jakar, ka zuba kayan a ciki ka murɗe bakin, takardu da waya kuma kowanne da tasa ledar. Wannan ya fi mini rigar nan da ake lulluɓa wa jaka ta waje, domin iska na shiga ƙarƙashinta ta kumbura ta, wani lokaci ta fizge ta ta tafi. Ledar nan dai ita za ta tsare maka kwamfuta daga ƙurar hunturu, wadda ba ta jin kunyar zif.

A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Arewa da kudancin Nijar, matsalar gumi ce. Ka duba ɓangaren jakar da ke manne da baya. Wanda yake da tudun soso biyu da kwari a tsakiya, an rufe shi da raga, yana barin iska ta ratsa. Shafaffe kamar allo kuwa riga za ta jiƙe sharkaf, ƙuraje su biyo baya. Baƙar jaka ta fi ɗaukar zafin rana, kuma batirin waya da na kwamfuta ba sa son zafi. Launi mai haske yana da wani amfanin ma: direban da ke bayanka zai hango ka. In jakar tana da ƙyallen nan mai walƙiya in fitila ta haska shi, madalla. In babu, ka sayi irin na rigar 'yan acaɓa ka ba tela ya ɗinka maka, domin jaka tana rufe duk abin da ke bayan rigarka.

Akwai jakunkuna masu aljihun salkar roba, mai ɗaukar lita 2 ko 3, da siririn tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa a sha ruwa ba tare da an tsaya ba. Suna da amfani a hanyar da garuruwa ke da nisa da juna. Sai dai ruwan na cikin kilo 5 ɗin nan, kuma salkar na son wanki da shanya duk bayan tafiya, in ba haka ba ta yi wari.

Ƙwarin yadi da ɗinki

Wani lokaci za ka ga an rubuta 600D ko 1000D a jikin jaka. Kaurin zaren yadin ake nufi, yawan adadin yawan kaurin. Daga 600D zuwa sama ya yi. In ka ga tambarin Cordura na gaske, yadi ne mai jure gurzawa. Zif kuma, in an buga YKK a kan marikinsa, na kamfanin Japan ne da aka sani da inganci, ko da yake ana yin na jabu, don haka ka ja shi sau goma ka ji ko yana tafiya sumul. Mai manyan haƙora ya fi jure ƙura.

Inda jaka ke fara mutuwa shi ne mahaɗar maɗauri da jikinta, sama da ƙasa. Ka juya cikin ka duba: an maimaita ɗinkin sau da yawa, ko layi ɗaya aka bi aka wuce? Ka riƙe maɗaurin ka fizga da ƙarfi a gaban mai kaya. Ni dai na fi yarda da gwanjo mai kyau, irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, a kan sabuwa mai sheƙi mai arha, domin araha ba ta ado. A gwanjo abin lura uku ne: maɓallan roba ko sun tsage, soso ko ya mutu, da shafen cikin yadin ko ya fara ɓarewa yana danƙo. Ɗinkin da ya saki ba matsala ba ne, mai gyaran takalmi zai mayar da shi da zare mai ƙwari. Soson da ya mutu kuwa ba shi da magani.

Kada soson bayan jaka ya sa ka ɗauka kana da garkuwa. Abin kare ƙashin baya na masu babur daban yake, yana da ma'auninsa na Turai, EN 1621-2, mataki na 1 da na 2, na 2 ya fi tare bugu. Wasu jakunkunan suna da aljihun da ake zura shi. In babu wannan lambar a jikin abu, soso ne kawai.

Gwajin ƙarshe, a bakin shago

Ka je kasuwa da babur ɗinka, da hular kwanonka, da rigar da za ka yi tafiya da ita, da kayan nan na kashi na biyu a leda. In ka ga jakar da ta kwanta maka, ka ce wa mai shago: "Alhaji, don Allah a yi mini izini in zuba kayana in hau mashin in gwada, ga shi nan a ƙofa." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba, iyaka ya haɗa ka da yaronsa.

Ka sa kwamfuta ko abin da ya fi nauyi a manne da baya, a tsakiya, tufafi a kewaye da shi da kuma ƙasa. Ka sassauta duk maɗauran ka goya. Ƙugu ake fara ɗaurewa, sai kafaɗa, sai ƙirji, sannan a matse gefe. Yanzu ka hau, ka sa hula, ka kama kan babur da hannu biyu. Ɗaga kai sama: hula ta taɓa jaka? Waiga hagu da dama kamar za ka sauya hannu a titi: ka iya waigawa sosai? Juya kan babur har ƙarshe ta kowane gefe: maɗauri ya ciji hammata? Dubi madubi: jakar ta tare maka wani abu? Ka ɗan yi tsalle a kan sit ka ji ko tana dukan ka. Sannan ka zauna haka nan minti 10, kuna hira da mai shago. Ciwon da zai zo a awa na uku yakan fara nuna kansa tun a mintunan nan, ɗan zafi a wuri guda ko ɗan tsami a wuya. Kada ka ce zai saba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ka gwada ɓalle maɓallan da hannu ɗaya, da safar hannu in kana sawa. A shingen bincike ko a kan iyaka irin ta Kongwalam za a nemi takardu, kuma bai kamata sai ka zazzage jakarka a bakin titi ba, don haka aljihun takardu ya kasance wanda hannunka zai kai gare shi da sauri.

In za ka ɗauki wani a baya, jakar ba ta zama a tsakaninku, shi zai goya ta. To a rage mata nauyi sosai, domin duk sanda ka ja totur jakar za ta ja shi baya, shi kuma ba shi da kan babur da zai riƙe.

Bayan ka saya, kada ranar tafiya ta zama ranar gwaji. Ka goya ta da cikakken kayanta ka je Wudil ko Bichi ka dawo, ka gyara abin da ke son gyara. A kan hanya kuma, duk awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ka tsaya, ka sauke ta gaba ɗaya, ka juya kafaɗu, ka buɗe yatsu ka dunƙule, ka sha ruwa. In ka ji yatsa ya fara sagewa kada ka jira lokacin tsayawa ya yi, ka sauka nan take ka mayar da wani abu kan kariya. In ka isa masauki, ka kakkaɓe ta, ka bi haƙoran zif da tsohon buroshin goge baki ka fitar da ƙura, ka goga musu kyandir, sannan ka rataye ta a inuwa gumin ya bushe kafin ranar komawa.